Yadda ake gina jarumar da ke kare ƙuri'ar jama'a a ƙagaggen labarin siyasa

Duk wanda ya ƙudiri aniyar rubuta ƙagaggen labarin siyasa mai tsinka zuciya, wanda tauraruwarsa mace ce da ta tsaya kai da fata don kare dimokuraɗiyya, zai ci karo da wata matsala tun kafin ya kammala babi na farko. Dimokuraɗiyya kalma ce mai faɗi, ba a ganinta da ido, ba a ɗaukarta a jaka, kuma babu mai karatun da zai hana idonsa barci saboda kalma. Abin da ke hana mutum ajiye littafi shi ne ya ga wani abu takamaimai yana cikin haɗari, ya san wadda ke riƙe da shi, ya kuma san ranar da za a zo ƙwace shi. Saboda haka aikin farko da ke gaban marubuci shi ne ya mayar da dimokuraɗiyya abin da za a iya sacewa, ko a ƙona, ko a goge, ko a tilasta wa mutum ya sa masa hannu.

Tarihi ya wadata mu da irin waɗannan abubuwa. A zaɓen shugaban ƙasar Malawi na 2019, abin da ya tayar da ƙura shi ne farin ruwan goge rubutu, wato Tipp-Ex, wanda aka shafa a kan takardun sakamako aka sauya alƙaluma. A ranar 3 ga Fabrairu, 2020, alƙalai biyar na kotun tsarin mulki suka soke zaɓen, suka ba da umarnin a sake shi cikin kwana 150. A Filifin kuwa, kwana biyu bayan zaɓen 7 ga Fabrairu, 1986, ma'aikatan kwamfuta 35 na hukumar zaɓe, mafi yawansu mata, sun tashi daga kujerunsu sun fice daga zauren tattara sakamako, domin alƙaluman da ake nuna wa jama'a sun saɓa da waɗanda suke gani a na'urorinsu. Kafin watan ya ƙare shugaba Ferdinand Marcos ya bar ƙasar, abokiyar takararsa Corazon Aquino ta hau mulki. Marubuci ya lura da ƙanƙantar abin da aka fara da shi: kwalbar ruwan goge rubutu, da kuma ma'aikaciyar da ta ture kujerarta baya ta miƙe tsaye. Irin wannan ya kamata ya nema wa labarinsa, takarda guda ko na'ura guda ko sa hannu guda, ya ɗora dukkan nauyin littafin a kai.

Da zarar an samu abin da ake rikici a kansa, sai a zaɓa wa jarumar aikin da zai sa shi a hannunta. A nan ne marubuta da yawa ke gaggawa, su mayar da ita 'yar takarar shugaban ƙasa ko jami'ar leƙen asiri mai bindiga. A ganina wannan zaɓi yana raunana labari, domin 'yar takara tana da nata muradin a cikin sakamakon, kuma mai karatu zai yi ta tambayar kansa ko ƙuri'ar jama'a take karewa ko kujerarta. Wadda ta fi dacewa ita ce macen da doka ta ɗora wa wani nauyi ƙarami amma wanda ba a iya tsallakewa: baturiyar zaɓe da sai ta sa hannu sakamako zai zama halastacce, ko alƙaliya, ko akanta mai binciken kuɗin gwamnati, ko injiniyar da ke kula da rumbun bayanan hukumar zaɓe, ko 'yar jaridar da wata takarda ta faɗo hannunta. Thuli Madonsela ta Afirka ta Kudu misali ce da ya kamata a yi nazari a kai. Shugaban ƙasar na lokacin, Jacob Zuma, shi ne ya naɗa ta mai kare haƙƙin jama'a a 2009, a wa'adin shekara bakwai da ba a sabuntawa, kuma ita ce a watan Maris na 2014 ta fitar da rahoton da ya nuna cewa an kashe kuɗin gwamnati wajen gyaran gidansa na Nkandla a kan abubuwan da ba su shafi tsaro ba. An yi ta jan ƙafa har shekara biyu, sai a ranar 31 ga Maris, 2016, kotun tsarin mulki ta tabbatar da cewa umarninta wajibi ne a bi shi. Ba ta da soja ko ɗan sanda, ƙarfinta duka yana cikin ofishinta da kuma ƙin janyewarta. Wa'adin nan da ba a sabuntawa kuma ya kamata marubuci ya kula da shi, domin yana bayyana dalilin da ya sa ba a iya sayenta da alƙawarin tazarce.

Abu na gaba shi ne agogo. Labari mai tsinka zuciya yana tafiya ne a kan wa'adi, kuma dokokin zaɓe cike suke da wa'adi, ba sai an ƙirƙiro ba. A Kenya, wanda ke ƙalubalantar zaɓen shugaban ƙasa yana da kwana 7 ya shigar da ƙara, kotun ƙoli kuma tana da kwana 14 ta yanke hukunci, kuma cikin wannan ƙurarren lokaci ne ta soke zaɓen a ranar 1 ga Satumba, 2017. A Najeriya kwana 21 ne na shigar da ƙara, kwana 180 na kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, sannan kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Waɗannan alƙaluma suna sauya yanayin labari baki ɗaya. Kwana 14 suna ba da labarin gudu da rashin barci da neman shaida cikin dare, kwana 180 kuwa suna ba da labarin gajiyarwa, inda shaidu ke janyewa ɗaya bayan ɗaya, lauyoyi ke neman ɗage zama, kuɗi ke ƙarewa. Marubuci ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kalandar labarinsa a takarda kafin ya fara, ya riƙa tuna wa mai karatu sauran kwanakin ta hanyar abin da ke faruwa. Ko da ƙasar labarin ƙirƙirarriya ce, dole ne ya tsara mata dokokinta tun farko kuma ya tsaya a kansu, domin duk ranar da ya sassauta doka don ya fitar da jarumarsa daga tsaka mai wuya, mai karatu zai gane, kuma fargabar da aka gina za ta zube.

Ina so in daɗe a kan abokin adawa, domin a nan ne na fi ganin labarai suna faɗuwa. Azzalumin da ke daka tsawa yana aika 'yan bangar siyasa yana da amfani, amma amfaninsa kaɗan ne, tunda kowa ya san amsar da jaruma za ta ba shi. Wanda ke da wuyar ƙi shi ne mutumin da take jin nauyinsa, wanda ya yi mata rana, wanda kuma hujjarsa ke da ƙamshin gaskiya. Masu murɗe zaɓe ba kasafai suke cewa mulki suke so ba. Zaman lafiya suke ambata, su ce idan aka bayyana sakamakon nan gari zai kama da wuta. Ga yadda irin wannan haɗuwa za ta iya kasancewa a shafi:

Ƙarfe biyu da kwata na dare, takardar tana gabanta, layin sa hannu ne kawai babu komai a kai. Ta sake haɗa alƙaluman ƙaramar hukuma ta tara a karo na uku, jimillar ƙuri'un ta haura adadin waɗanda aka tantance. Wayarta ta yi ƙara, ta ga sunan, ta gyara zama kafin ta ɗauka.

"'Yata, har yanzu ba ki tashi ba?"

"Ban tashi ba, Baba. Akwai lissafin da bai daidaita ba."

"Na sani. Ki sa hannu, ki bar wa kotu sauran. Ni da na kai ki makaranta ba zan jefa ki a rami ba. Akwai yara a kan titi yanzu haka, idan gari ya waye babu sanarwa, jininsu yana wuyan wa?"

Ta dubi biron da ke hannunta. Murfinsa duk ya tattaune, ba ta ma san lokacin da ta yi hakan ba.

A wannan ɗan yanki babu harbi ko ɗaya, amma an matse ta ta fuska uku: alherin da aka yi mata, girman mai maganar, da kuma yiwuwar cewa gaskiya ya faɗa game da yaran da ke kan titi. Marubuci ya bar wannan yiwuwar a buɗe. Idan ta ƙi sa hannu kuma aka yi asarar rai, labarin ya sa ta ɗauki wannan nauyin har ƙarshe.

Kasancewarta mace ma dole ne ya yi aiki a cikin zubi da tsarin labarin. Idan za a iya sauya sunanta zuwa na namiji ba tare da wani babi ya girgiza ba, to ba a gina ta ba tukuna. Makaman da ake amfani da su a kan mace a fagen siyasa daban suke: ana fara taɓa mutuncinta kafin a taɓa aikinta, ana yaɗa ƙazafi, ana bi ta hannun miji ko iyaye ko 'ya'ya, ana raina ta a taro har sai ranar da aka gane sa hannunta ake buƙata. Wannan rainin kansa dama ce ga marubuci, domin wadda aka raina tana jin maganganun da ba za a yi a gaban wanda ake shakka ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka tun tana matashiya a jam'iyyar NEPU, a zamanin da matan Arewacin Najeriya ba su da ma 'yancin jefa ƙuri'a, kuma sai a 1979 suka fara jefa ta a zaɓen tarayya. Karanta rayuwar irin waɗannan mata yana koya wa marubuci cewa jarumtarsu tana tafiya tare da ciwo da talauci da rabuwar aure da kaɗaici. Jarumar labari ma a ba ta aibi na gaske wanda zai jawo mata asara, kamar taurin kai da ke korar masu taimakonta, ko wani kuskure da ta taɓa yi a baya wanda abokan adawa ke riƙe da shaidarsa. A kuma ba ta mutane, domin ma'aikatan nan na Filifin su 35 ne suka fice tare. Direba, ko sakatariya, ko ƙaramin ɗan sandan da ya kau da kai na minti biyar, kowannensu yana iya riƙe babi guda.

Game da zubar da jini, shawarata ita ce a yi tsimi. Haɗarin gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. An harbe Kudirat Abiola a cikin motarta a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996, tana fafutukar a saki mijinta, M.K.O. Abiola, a kuma mutunta zaɓen 12 ga Yuni, 1993. An kashe 'yar jarida Daphne Caruana Galizia da bam a motarta a Malta ranar 16 ga Oktoba, 2017. A Kenya an kashe Chris Msando, jami'in fasahar sadarwa na hukumar zaɓe, 'yan kwanaki kafin zaɓen 2017, kuma a watan Oktoba na shekarar kwamishiniyar hukumar, Roselyn Akombe, ta bar ƙasar ta sanar da murabus ɗinta daga Amurka. Amma a cikin littafi, mutuwa guda ta wanda mai karatu ya sani kuma ya ƙaunata ta fi gawa ashirin marasa suna nauyi. A ajiye ta har tsakiyar labari, a bar barazana ta yi aiki kafin nan: motar da ke tsaye a ƙofar gida kwana uku, ko saƙon da ya ambaci sunan makarantar 'yarta ba tare da ya ƙara komai ba.

Ƙarshen labari ya fito daga abin da aka fara da shi. Idan takarda ce aka ɗora labarin a kanta, to takardar ce za ta warware shi, a kotu ko a gaban kyamara ko a zauren majalisa, kuma ta hannun jarumar. Kada wani janar mai kishin ƙasa ya shigo da tankoki a babin ƙarshe ya cece ta, domin littafin da ke kare dimokuraɗiyya ya rusa jigonsa da kansa idan juyin mulki ne ya kawo mafita. Nasarar kuma ba lallai ta zama cikakkiya ba. Akombe ba ta hana a sake zaɓen Kenya ranar 26 ga Oktoba, 2017 ba, Kudirat ba ta ga ranar da aka koma mulkin farar hula a 1999 ba, kuma bayan kashe Caruana Galizia sai da aka shafe fiye da shekara biyu kafin firaminista Joseph Muscat ya sauka a watan Janairu na 2020. Jarumar labari tana iya ceto sakamakon ta rasa aikinta, ko ta rasa shari'ar amma shaidar ta fita duniya.

Saura binciken da ke sa duk wannan ya tsaya da ƙafafunsa. Marubuci ya karanta dokar zaɓe da sassan kundin tsarin mulki da suka shafi labarinsa, ya nemi hukuncin kotu guda ɗaya na ƙarar zaɓe ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya san sunayen takardun sakamako, kamar EC8A ta rumfar zaɓe a Najeriya ko 34A a Kenya, ya kuma san wanda ke sa hannu a kan kowace da wanda ake ba kwafi. Idan da hali ya zauna da wanda ya taɓa aikin zaɓe ya tambaye shi abubuwan da ba a rubutawa, kamar inda ake kwana da abin da ake yi idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar lissafi. Sunayen jam'iyyu da na 'yan siyasa kuwa a ƙirƙiro su, kuma kada a yi su yadda kowa zai nuna wani mai rai da yatsa, saboda dokar ɓata suna da kuma don kada rabin masu karatu su ɗauki littafin a matsayin farfagandar ɓangare guda. Bayan an gama rubutun farko, a ba lauya ko tsohon ma'aikacin zaɓe ya karanta, a roƙe shi ya ja layi a duk inda ya ga abin da doka ba za ta bari ya faru ba, sannan a gyara waɗannan wuraren kafin a koma kan gyaran salo.