Yadda Marubuci Kirista Zai Shirya Ganawa da Edita a Taron Marubuta

A yawancin tarukan marubuta Kirista, zaman da ake ba mutum da edita ko wakilin marubuta (mai nema wa marubuci kamfanin da zai sayi littafinsa) bai wuce minti 15 ba. Kafin a gama gaisuwa, uku sun tafi. Saboda haka tun daga gida ake shiri.

Fara da sanin wanda za ka zauna da shi. Masu shirya taro kan fitar da sunayen editoci da irin littafin da kowannensu ke nema. Mai neman littafin yara, kada ka kai masa sharhin wasiƙar Romawa.

Sai abin da za ka riƙe a hannu. In ƙagaggen labari ne, kuma kai sabon shiga ne, gama shi tukuna. Ba a sayen rabin labari. Littafin koyarwa kuwa da takardar gabatarwa ake tallansa: taƙaitaccen bayani, waɗanda aka rubuta dominsu, littattafai uku zuwa biyar masu kama da shi da inda naka ya bambanta, tsarin babi-babi, sai babi biyu ko uku cikakku. Rubutun ya zama Times New Roman, girma 12, da tazara biyu tsakanin layuka. Amma ba wannan tulin za ka miƙa a tebur ba. Fitar da shafi guda mai ɗauke da sunan littafin, yawan kalmominsa, jimla biyu a kan abin da ya ƙunsa, da adireshinka na imel.

Wurin "waɗanda aka rubuta dominsu" ne mutane suka fi faɗuwa. "Dukan masu bi" ba amsa ba ce. "Gwauraye mata a shekarar farko ta rashin miji" amsa ce, domin edita zai iya ganin wanda zai sayi littafin.

Fastoci su kula da kyau: wa'azin da aka kwafo daga rikoda ba babi ba ne. A bagade maimaici yana da amfani, murya da fuska na ɗauke da magana. A takarda kuwa "ku ce Amin" sau huɗu gajiya ce kawai. Cire maimaicin, bar misali ɗaya mai ƙarfi a madadin uku, ka duba kowace aya da ka kawo da ka, harafi da harafi. Tsaya a juyi ɗaya na Littafi Mai Tsarki, ka kuma faɗi sunansa. Juyin Turanci na NIV (New International Version), misali, an yarda a ɗauko har aya 500 ba tare da rubutaccen izini ba, muddin ba littafi guda sukutum ba ne, kuma ayoyin ba su kai kashi 25 cikin ɗari na aikinka ba. Baitin waƙar yabo ta zamani kuwa, ko layi biyu ne, nemi izini.

In ka zauna da editan, faɗi jimlolinka biyu ka yi shiru, ya yi tambaya. Kada ka ce "Ubangiji ne ya ba ni, ko waƙafi ba za a taɓa ba." Wataƙila gaskiya ne an ba ka nauyin, amma abin da edita zai ji shi ne ba ka karɓar gyara.

In ya ce ka turo, turo cikin mako guda ko biyu, ka sa sunan taron a kan saƙon. Amsa takan ɗauki watanni. Kafin ta zo, gwada gajerun rubuce-rubuce: mujallar ibada ta The Upper Room, da ake bugawa tun 1935, tana karɓar bimbini daga masu karatu na ko'ina a duniya.

In yarjejeniya ta zo, duba ta ina kuɗi ke fita. Wakili na gaskiya kamasho yake ɗauka, galibi kashi 15, bayan an sayi littafin. Wanda ya nemi kuɗin karatu tun farko, ko kamfanin da ya ce sai ka sayi kwafi ɗaruruwa, aikin ɗab'i yake sayar maka, ko da ya sa aya a saman wasiƙarsa.