Waken suya a madarar maruƙa: kurakuran da ke jawo zawo

Masu kiwon shanun Kenana da Butana a wajajen Sinnar da Jazira na ƙasar Sudan sun san lissafin: duk nonon da ɗan maraƙi ya sha, kuɗi ne da bai shiga aljihu ba. Shi ya sa wasu ke komawa ga madarar gari ta buhu, wasu kuma su dama garin waken suya da kansu.

Babban kuskure shi ne gaggawa. Maraƙin da bai kai mako 3 ba, cikinsa na nono ne kawai. Abin da ya tsotsa ba ya tsayawa a tumbi, kai tsaye yake wucewa ciki na huɗu, wato na ƙarshe a sassa huɗu na cikin saniya, inda nono ke daskarewa ya narke a hankali. Waken suya ba ya daskarewa, sai ya zarce hanji bai gama narkewa ba. Ga shi kuma yana ɗauke da furotin iri biyu, gilisinin da beta-kwangilisinin, waɗanda garkuwar jikin maraƙi ke yi wa kallon abokan gaba. Bangon hanji ya kumbura, 'yan tsingayen da ke zuƙe abinci su gajarce. Sai ka ga maraƙi yana sha amma ba ya ƙiba, gashi ya tashi, gindin wutsiya kullum a jiƙe. Masu cewa "bar shi, zai saba" su ne suka fi ba ni haushi, domin jikin da ya riga ya gane furotin ɗin yakan ƙara tsananta faɗa ne idan an sake ba shi.

Gyaran ba wuya: nonon uwa ko madarar da furotin ɗinta na nono ne zalla, har mako 3 su wuce. Ka duba rubutun jikin buhu. Idan harzar da ke ciki ta haura kashi 0.15 cikin 100, akwai alamar an haɗa da furotin na tsiro.

Soya waken a kasko ma bai isa ba. Zafi yana kashe sinadarin da ke hana narkewar abinci, amma waɗancan furotin biyun suna jure wuta. A masana'anta ake karya su, da giyar sinadari mai zafi.

Wasu kuma da ganin zawo sai allurar kashe ƙwayoyin cuta, alhali matsalar tana cikin bokiti. A ba maraƙin ruwan gishiri da gulukos (ba sukarin shayi ba) tsakanin shan nono, kada a yanke masa nonon. Idan akwai zazzaɓi ko jini a kashi, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Kada a yi wasa da dakashi: a ba maraƙi kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa a sa'o'in farko bayan haihuwa, don bayan sa'a 24 hanji ba ya ɗaukar kariyar da ke ciki.

Mai son amfani da waken suya ya sa shi a busasshen abinci, tare da dusa ko ambaz na gyaɗa, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa. Wannan tumbi yake shiga, ƙwayoyin halittar da ke can su farfasa shi kafin ya isa hanji.