Dutsen arziki da dutsen banza: kurakuran da ke cinye jarin masu haƙar zinariya

Tun 2014 da labarin zinariyar Jado da Cibarakatan, can arewacin Nijar, ya bazu, da wuya ka sami unguwa a Tawa da ba a yi wa wani saurayi rakiya tasha ba. Wasu sun dawo sun gina gida, wasu sun dawo da bashin abinci da na mota. Ni ma na yi rani biyu a bakin rami a Komabangu, cikin jihar Tilaberi, kuma har yau in muna shan shayi a fada ina jin labarin waɗanda suka dawo. Abin da ke ci mini rai shi ne, asarar da ake ɗora wa rashin sa'a sau da yawa daga rashin rabe dutse take: an niƙa abin da ya kamata a zubar, an zubar da abin da ya kamata a niƙa.

Sabon zuwa da ƙyalli ake fara kama shi. Akwai wani ma'adini, pirit, haɗin ƙarfe da farar wuta, rawaya mai walƙiya, wani lokaci a yanke kusurwa-kusurwa kamar ƙwayar suga. Na ga yaro ya kwana rungume da buhunsa saboda shi. Gwajin ba shi da wuya. Ɗora ƙwayar a kan ƙarfe ka buga da guduma: zinariya za ta baje ta zama faifai, pirit kuwa sai ya farfashe ya zama baƙin gari, har ka ji warin ashana. Bakin wuƙa yana shiga zinariya, ba ya shiga pirit. Akwai kuma mika, ɓawo-ɓawo mai sheƙi da ke yawo a ruwa in ana wanki. Zinariya ba ta yawo. Ta fi ruwa nauyi sau 19, pirit sau 5 kawai, shi ya sa take kwantawa can ƙasan ƙwarya ta ƙi motsi. Baƙin yashin da ke kwantawa tare da ita, yawancinsa mayen ƙarfe yana ɗauke shi.

Sai dai kada ka ce duk inda pirit yake a yi gaba. Sau da yawa jijiya ɗaya, wato layin dutsen da ke ɗauke da ma'adini a cikin ƙasa, ce ta kawo shi tare da zinariya. Shi ba kuɗi ba ne, amma yana iya zama alamar ka matso.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne juyin wannan: a ɗauki dutse a jujjuya, a ga babu komai, a wurgar. Yawancin zinariyar da ke cikin farin dutsen jijiya ido ba ya ganinta. Manyan kamfanoni suna cin riba da dutsen da ke ɗauke da giram 1 ko 2 a cikin tan guda, wato buhu 20 masu kilo 50. Wane ido ne zai ga wannan? Ko dutse mai giram 10 a tan, wanda mai rami zai yi murna da shi, rabin giram ne kawai a buhu. Tsofaffin hannu sun san su kula da farin dutsen da ya yi tsatsa, ja-ja, mai ƙananan ramuka kamar soso, domin nan ne pirit ya ruɓe ya bar abin da ke cikinsa. Amma ko su ba sa yanke hukunci sai sun daka ɗan kaɗan a turmin ƙarfe ya yi laushi kamar gari, sun wanke.

A wajen gwajin ma ana yin kuskure. Mutum ya zaɓi dutsen da ya fi kyau, ya daka, ya ga zinariya ta yi layi a ƙwarya, sai ya kira mai jari. Zinariya ba ta bazuwa daidai cikin jijiya. Ƙwaya ɗaya babba tana iya ruɗin ka game da ramin duka. Tsinko daga faɗin jijiyar gaba ɗaya, gefe zuwa gefe, wuri huɗu ko biyar, ka haɗa, ka gwada, gobe ka sake. In jarin da za a zuba mai yawa ne, kuɗin kai samfuri ɗakin awo a Yamai bai kai kuɗin niƙa buhunan banza ba.

To, an sami jijiya mai kyau. A nan ne gaggawa ke shigowa. Jijiyar ba ta fi tafin hannu biyu faɗi ba, amma dole a buɗe ramin da mutum zai shiga, sai dutsen bango ya zubo ya gauraya da ita, a cusa duka a buhu ɗaya don a ce yau mun fitar da buhu 30. Buhu mai giram 10 a tan in ya haɗu da buhun bango, ya koma giram 5, kuɗin injin niƙa da na ruwa da na dako kuwa sun ninka. A arewa, inda ruwa da mota ake kawo shi, wannan kaɗai ya isa ya cinye ribar. Gyaran shi ne a rabe tun daga ƙasa, sannan a yi tari uku a bakin rami: na jijiya, na bango, da na tsakiya wanda ake shakka. Na tsakiyar a ajiye shi gefe, kada a binne shi da shara, domin in farashi ya tashi ko inji ya matso kusa, dutsen da bai biya bana ba yana iya biya baɗi. Haka lamarin ma'adini yake ko'ina. Dutsen farar ƙasa da manomi ke tsincewa daga gona a ƙasar Adar, irinsa ne ake haƙa a Malbaza a yi siminti.

Saura tuƙar da ke fitowa bayan wanki. Zaibar da ake zubawa wajen wanki, zinariyar da ta rabu da dutse kawai take kamawa; wadda ke maƙale cikin ƙwayar yashi tana wucewa. Shi ya sa masu aiki da siyanur, gubar da ke narkar da zinariya daga yashi, ke bin ramuka suna sayen tuƙa da araha. Kafin ka sayar, sake niƙa ɗan kaɗan ka wanke ka ga abin da ka bari.

Kuma ina roƙonku, ƴan'uwa, kada a kawo dutse ko tuƙa cikin gida. A 2010 a Zamfara ta Najeriya, yara kusan 400 suka rasu saboda dutsen zinariya mai dalma da ake dakawa a tsakar gida. Ƙurar ta sauka inda suke rarrafe. Dutse mai nauyi, toka-toka mai sheƙi kamar azurfa, a yi hattara da shi, haka wanda ke warin tafarnuwa in an buga shi, don gubar arsenik ce a ciki. A Arlit ma, da kamfanin COMINAK ya rufe a 2021, tuƙar yuraniyom kusan tan miliyan 20 ya bari, aka kuma fara aikin rufe ta. A jiƙa dutse kafin a daka, a tara tuƙa nesa da rijiya da gulbi, kayan aiki kuma a tuɓe su a wanke jiki kafin a ɗauki yaro.