Darasi na 7: Yin Abin Hannu na Lu'ulu'u Mai Ƙulli

Lu'ulu'u ba irin duwatsun ado da aka saba gani ba ne. A cikin kawa yake samuwa, wato wata halittar ruwa mai ɓawo mai tauri, kuma yawancin wanda ake sayarwa yau na kiwo ne, musamman daga ƙasar Sin da Japan. Jikinsa ba shi da tauri sosai. Idan aka jera ƙwayoyinsa suna gugar juna, a hankali sai bakin hudar ya zaizaye, shekin ya dushe. Shi ya sa ake sa ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta. Ga wani amfanin kuma: ranar da zare ya tsinke, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi, ba a bi ƙasa ana tsintar ashirin ba.

Ku tanadi zaren siliki, siririyar allura, hantsaki mai tsinin baki, almakashi, gam, tef ɗin awo, da maɓalli mai ƙugiya da zobe. Ku shimfiɗa tawul a kan tebur don kada ƙwayoyin su gangare.

Awo da lissafi

Ku auna wuyan hannu, ku ƙara santimita 1 ko 2 don kada ya matse. Mu ce tsawon ya kama santimita 18. Maɓalli zai ci kamar santimita 1 da rabi. Idan ƙwayoyin masu faɗin milimita 6 ne, wajen 24 ko 25 za su isa, domin ƙulli ma yana cin wuri. Ku yanke zare ninki 5 na tsawon abin hannun. Gara ya yi saura da ya gaza a tsakiyar aiki. Siliki yana miƙewa, don haka ku ɗan jiƙa shi, ku ja shi da ƙarfi, ku bari ya bushe tukuna.

Farawa

Ku ware ƙwayoyi 6 masu huda mafi faɗi, uku na farko, uku na ƙarshe, saboda zare sau biyu zai ratsa su. Ku zura uku, ku bar ɗan jela a baya, ku zarga zaren cikin zoben maɓalli. Sai ku komo ta cikin ƙwayar da ke kusa da maɓallin, ku ƙulla. Haka ta biyu, haka ta uku.

Ƙullin kansa

Nan ne aikin yake. Bayan kun zura ƙwaya, ku tura ta ta manne da ƙullin baya. Ku yi sako-sakon ƙulli, kada ku ja shi. Ku zura bakin hantsaki ta cikin madaukin, ku kama zaren daidai inda ya fito daga hudar. Yanzu ku ja zaren a hankali da ɗaya hannun. Za ku ga madaukin yana sulalowa a kan hantsakin har ya zauna a jikin ƙwayar. Ku zare hantsakin, ku danna ƙullin da farcen babban yatsa.

Wanda ya yi gaggawa ya ɗaure ƙullin nesa da ƙwaya, zai ga zare fili a tsakani, ƙwayar tana kai da kawowa. Kwance ƙullin siliki kuwa sai mai haƙuri da bakin allura. Kada kuma a matse fiye da kima, abin hannun zai sandare ya ƙi lanƙwasa. Idan ƙulli yana shigewa cikin huda, zaren ya yi siriri ke nan, sai a ninka shi biyu. A ganina, wanda bai taɓa yi ba ya fara gwadawa da duwatsun roba masu araha har hannu ya faɗa.

Rufewa

Ƙwayoyi uku na ƙarshe a zura su ba ƙulli. A zarga zaren cikin ɗaya ɓangaren maɓallin, a komo ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya ana ƙullawa. A ɗiga gam kaɗan da bakin allura a kan ƙullin ƙarshe da na jelar farko, kada ya taɓa lu'ulu'un. In ya bushe a datse saura.

Turare da ruwan tsami suna cin jikin lu'ulu'u, ruwa kuma yana raunana siliki. A shafa turare kafin a sa shi, a cire shi kafin wanka ko wanke-wanke, a goge shi da tattausan ƙyalle.

Aikin yi: Ku auna wuyan hannunku, ku rubuta tsawon a littafi, ku lissafa zaren da za ku yanka.