Kafin Ka Ce Kyamarar Ta Lalace: Ƙugi da Matsalar Wuta a Kyamarorin Tsaro na Gida

A Gusau yanzu ba sai gidan mai kuɗi ba, daga Tudun Wada zuwa Samaru za ka ga kyamara maƙale a saman ƙofar gida ko a kusurwar shago. Halin da ake ciki ne ya kawo haka. Sai dai da yawa cikinsu rabin aiki suke yi: hoto na rawa, sauti na ƙugi "zuuu", ko kuma da an yi magariba kyamarar ta ɗauke. Mai gida ya ce an sayar masa da jabu, ya sayo wata, bayan mako biyu ita ma ta kama. A mafi yawan lokuta kyamarar ba ta da laifi. Matsalar tana cikin wutar da ake ba ta da wayar da ke kai mata wutar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwada aiki da rana kawai. Yawancin kyamarorin gida, irin su Hikvision da Dahua, bolt 12 suke sha (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). Da rana abin da suke ja kaɗan ne, amma da duhu ya shiga sai ƙananan fitilun nan masu ja-ja da ke zagaye da idon kyamarar su kunna, jan wutarta ya ƙaru sosai, wani lokaci ya ninka. Mai haɗawa ya gama aiki da la'asar, ya nuna maka hoto garau, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Da dare kyamara huɗu na kokawa a kan adafta guda mai amfiya 1 ko 2 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja). Alamarsa ba ta ɓuya: za ka ji kyamarar na "ƙas-ƙas", ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa. Gyaran shi ne a duba abin da aka rubuta a jikin kowace kyamara, a tara jimilla, a sayi adaftar da ta zarce jimillar da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka ga hoton bayan isha'i.

A nan mutane ke rikita abu biyu. Amfiya ta yi yawa ba komai, kyamara abin da take buƙata kaɗai za ta ja. Bolt ne ba a wasa da shi. Cajar laftof mai bolt 19 bakinta na iya shiga ramin kyamara daidai, kuma shigar ke nan ta ƙona ta.

Sai maganar waya, wadda ita ce aka fi cutar mutane a kai don tana cikin bango ko silin, ba mai gani. Wuta na raguwa a hanya gwargwadon tsawon waya da sirantarta. Idan aka ɗauki silli biyu kacal daga cikin wayar intanet aka ja su mita 50 zuwa bakin get, kyamarar da ke jan rabin amfiya za ta iya rasa kusan bolt 4 kafin wutar ta iso. Ka auna a bakin adafta ka ga 12 cif, ka rantse wuta lafiya lau, alhali a can ƙarshe 8 ce ke isa. Saboda haka a gindin kyamara ake sa mitar auna wuta, tana haɗe tana aiki, kuma da dare. Abin ya fi muni idan wayar irin mai arahar nan ce, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare silli ɗaya da reza: idan cikin ya fito fari, ka san abin da aka sa maka. Mafita ko dai waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, ko a matso da adaftar kusa da kyamara a cikin akwati mai rufi, ko a koma tsarin PoE, wanda ke tura kusan bolt 48 ta wayar intanet har mita 100 ba tare da wannan ciwon kai ba.

Shi kuma ƙugi, kunne ne farkon kayan aikinsa. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, to ƙugi mai kauri marar canzawa muryar wutar gida ce ta kutso cikin sauti. Idan yana hawa da sauka tare da kukan janareto, ka san daga inda ya fito. Idan siriri ne kamar kukan sauro, galibi adafta ce marar kyau, ko wadda zafi ya gama da ita. Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, cikin silin ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa, kuma can ake jefa adafta a manta. Masu gyaran rediyo idan suka buɗe irinta sukan tarar da kwandensa, ɗan abin da ke tace wuta a cikinta, ta kumbura. Idan kuwa "shhh" kake ji, duba ɗan abin murɗa ƙarar makirfo, an ƙure shi ne.

Gwaji guda yana raba gardama: cire adaftar, ka ba kyamarar ko makirfon wuta daga ƙaramin batir mai bolt 12. Idan ƙugin ya ɗauke, laifin adafta ne ko wutar da ke shigarta, musamman inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul. Idan bai ɗauke ba, bi waya. Sau da yawa za ka tarar mai wayarin ya cusa wayar sauti da ta wutar gida a bututu guda don tsimin kuɗi. A raba su da aƙalla taƙi guda, inda dole su haɗu su gitta juna, kada su jera.

Akwai wani nau'in da ke wahalar da ko ƙwararru: ƙugi a sauti, ga kuma layuka masu duhu suna tafiya sannu a hankali a kan hoto. Wannan yana faruwa ne idan kyamara mai jikin ƙarfe an ɗaure ta kai tsaye a get ko turken ƙarfe, ko an jona ta a soket ɗin wani ɓangaren gida, na'urar naɗar hoto kuma tana wani soket daban. Kowanne ya taɓa ƙasa ta hanyarsa, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta wayar hoto. A sa katako ko roba tsakanin kyamara da ƙarfen, a ba komai wuta daga wuri ɗaya. In ya ƙi, akwai ƙaramar na'urar da ake sa wa a layin hoto don ta katse wannan zagayen. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne dabarar cire wayar atin, wato wadda ke kai wutar da ta zubo zuwa ƙasa, daga filogi. Ƙugin na iya tafiya, amma ranar da wuta ta zubo a jikin na'ura, wanda ya fara taɓa ta shi ne zai zama atin ɗin, kuma yara ne suka fi taɓe-taɓe.

Masu sola su ma su lura. Batirin da aka rubuta wa 12 yana haura 14 lokacin da rana ke cajinsa, ya faɗo ƙasa da 12 kafin asuba. Wasu kyamarorin na jurewa, wasu ba sa jurewa, don haka a sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Haɗin waya da salatif a waje ba ya kai ƙarshen damina. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan Agusta ya biyo, bakin ya yi kore da tsatsa, sai hoto ya fara zuwa yana ɗaukewa. A sa haɗin a akwatin roba, bakin waya na kallon ƙasa. Sannan na'urar naɗar kanta tana son UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke) ko inbata: duk lokacin da aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, faifan ajiyarta ne ke shan wahala, kuma shi ba ya ƙugi balle ya faɗakar da kai. Ka riƙa mayar da hoton daren jiya kana dubawa ko da sau ɗaya a mako, don ka tabbatar yana naɗa.