Kada ku rushe bangon kicin gaba ɗaya

Idan kuna son haɗe kicin da falo domin karɓar baƙi, ku sa magini ya yanke rabin bangon na sama kawai, ya bar na ƙasa da tsayin kimanin mita 1, sannan a ɗora masa falan dutse ko katako mai kauri ya zama kanta.

Dalili shi ne, rushe bango har ƙasa yakan bar rami a tsakanin tayil ɗin ɗakunan biyu, kuma da wuya a sami irin tsohon tayil ɗin a kasuwa, sai a ƙare da sake shimfiɗa duka. Ragowar bangon kuma yana riƙe da soket da bututun ruwan da ke ƙasa, yana ɓoye tukwane da kwanukan da ba a wanke ba, uwargida kuma tana hira da baƙinta tana miƙo abinci ta saman kantar.

Kafin a ɗaga guduma, a kira injiniya ya duba. Bangon bulo mai inci 9, musamman a gidan bene ko mai dakin, wato rufin kankare, sau da yawa yana ɗauke da nauyi, kuma ba a taɓa shi sai an zuba lintal mai rodi.

Dabarar ba ta dace da gidan da ake girki da gawayi ko itace ba, haka nan inda baƙi maza ke zama a falon. Ko da gas ake amfani, a sa fanka mai zuƙe hayaƙi waje, domin ƙaurin attaruhu da manja yana kama labule da kujeru.