Yadda Za Ka Bi Sawun Sunayen Gidanku Kafin Ka Raɗa wa Jariri Suna

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina kiran suna a aji kowace safiya, kuma ban ga abin da ke nuna juyin zamani kamar rajistar 'yan aji ɗaya ba. Lokacin da na fara koyarwa, in na buɗe ta sai ka ji Danladi, Garba, Audu, Talatu, Mairo, Indo, Asabe. Shekarar da na ajiye alli kuwa, Afnan ce da Amal da Hanan a layin gaba, Sultan da Aiman a bayansu. Ba kuka nake yi ba, wasu daga cikin sababbin sunayen ma suna da daɗi a kunne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗan wana da ya zo mini bara, matarsa na da cikin wata takwas, ya miƙo mini waya cike da sunaye yana cewa, "Baffa, wanne ya fi daɗi?" Na ce masa, "Kafin nan, mene ne sunan kakarka ta wajen uba?" Ya ce Hajiya. Na ce sunanta na yanka nake tambaya. Ya yi shiru. Aikin da na sa shi ya yi daga ranar shi ne zan bayyana a nan.

Ka sami littafin rubutu, ka ja layi ka raba shafi gida uku: sunan yanka, sunan da ake kiran mutum da shi, da dalilin sunan. Sai ka nufi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a danginku. Na ce tsohuwa da gangan, don maza sun fi riƙe sunayen gonaki da na sarakuna, amma wanda ya san ranar da aka haifi kowa da abin da ya faru a daren, mace ce. Ka tafi da goro ko turare, kuma kada ka je kana duba agogo. Abu guda da za ka kiyaye: akwai sunayen da ba za ta faɗa ba ko za ka kwana kana roƙo. Ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na surukanta, ko na ɗanta na fari. Alkunya ce, kada ka matsa mata. Ka tambaye ta a kaikaice, "Iya, wa aka yi wa takwara da shi a gidan nan?" Za ta nuna maka yaron, kai kuma ka ɗauki sunan daga can. In ya faskara, ƙanwarta ko kishiyarta za ta faɗa maka ba tare da wata wahala ba.

Da ka fara cika shafin za ka gane cewa rabin sunayen da ka taso kana ji ba su ne na yanka ba. Garba, Habu, Buba da Bukar duk Abubakar ne. Sanda da Faruku Umaru ne. Shehu yawanci Usman ne, saboda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Iro Ibrahim ne, Audu Abdullahi, Mamman Muhammadu, Kallamu kuma Musa. A ɓangaren mata, Indo da A'i da Shatu A'ishatu ce, Binta Faɗimatu, Kulu da Jidda Hauwa'u, Dije da Kubura Hadiza, Abu kuma Zainabu. Sannan ga lissafin da mutane da yawa ke ɗauke da shi ba su sani ba: gidan da aka yi ta sa Muhammadu, sai a bambanta su da ƙidayar Larabci. Auwalu ko Lawal na ɗaya, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru na goma. In ka ga Hamisu a shafinka, ka nemi Muhammadu huɗu da suka riga shi; wani lokaci a nan za ka ji labarin waɗanda suka rasu suna jarirai, ba wanda ya taɓa ambata maka su.

Akwai kuma sunayen sakayawa. Abba, Baba, Babangida, Baffa, Ummi, Mama, Uwani, Inna: duk wanda ake kira da ɗayan waɗannan tun yana goye, sunan wani babba ya ci, uwarsa ko ubansa ba za su iya furtawa ba. Ka rubuta sunan wa ya ci. Da haka za ka ga suna ɗaya yana tsallake zuriya ɗaya yana dawowa, kamar kaka ya tafi ya komo.

Gida na uku, wato dalili, shi ne inda na fi so ka daɗe. Sunayen rana kowa ya san su: Danladi da Ladi ranar Lahadi, Altine da Tani Litinin, Talatu Talata, Bala da Balarabe da Laraba ranar Laraba, Danlami da Lami Alhamis, Danjuma da Jummai, Dan'asabe da Asabe. Amma sunayen yanayi sun fi su magana. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza. Gambo shi ke bin tagwaye. Auta ya rufe ƙofa. Cindo ya zo da yatsa shida. Shekarau ya daɗe a ciki har aka fara ƙirga masa. Talle ya taso babu uwa ko uba. Azumi da Dan'azumi watan Ramalana, Sallau da Tasalla lokacin salla, Nomau a tsakiyar aikin gona, Marka da Anaruwa cikin damina. Mutanen da ba su da takardar haihuwa, sunansu shi ne takardar.

Goggona, Allah ya ji ƙanta, Ajuji ake ce mata, kuma sai da na yi aure kafin na san me ya sa. Mahaifiyarta ta yi ta wabi, haihuwa huɗu ba wanda ya kai yaye. Da aka haife ta sai tsofaffi suka ɗauke ta suka ajiye a kan juji na ɗan lokaci, wai a nuna ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta kau da kai. Irin wannan tunani ne ya haifar da Ayashe da Barau. Malamai sun yi ta faɗa da al'adar, kuma ta kusa ɓacewa, ni ma ba cewa nake a dawo da ita ba. Amma duk lokacin da na ji sunan, uwar nake gani, wadda ta binne huɗu, tana tsoron ta nuna tana son ta biyar. Ajuji ta haura shekara tamanin.

Da ka gama tattarawa, ka jera sunayen bisa shekarun haihuwa, ko da kintace ne. A nan ne za ka ga yayi ƙuru-ƙuru. Yawancin Murtalan da na koyar an haife su ne a 'yan shekarun da suka biyo bayan kashe Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976. Saddam ya shigo rajistata ne bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991. Usama ya yawaita bayan 2001, ko da yake sunan tsoho ne, akwai sahabi Usama ɗan Zaidu, don haka kada ka yanke wa kowane Usama hukunci ɗaya. Gidan da ka ga Tijjani da Inyasi da Barhama, ka san Tijjaniyya ta zauna a nan, musamman reshen Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a Senegal, wanda ya rasu a 1975. Inda ka ga Abdulƙadir da Jilani suna maimaituwa, ka duba ko Ƙadirawa ne.

Wannan canji ba yau ya fara ba, kuma wannan nake tuna wa tsararrakina masu cewa yaran yanzu sun lalata suna. Dubi jerin sarakunan Kano. Daga Bagauda, wanda ake lissafa hawansa a 999, sai Warisi, Gijimasu, Nawata, Gawata, Tsamiya: babu Larabci a ciki. A zamanin Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addini. Kafin a kai ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tsarin ya zama suna biyu a haɗe, na Musulunci a gaba, na gida a baya, haka kuma ya ci gaba bayansa: Muhammadu Kisoki, Abubakar Kado, kamar yadda Katsina ta yi Muhammadu Korau. Bayan jihadin 1804 sunayen Fulani irin su Dikko da Sambo suka ƙara bazuwa cikin Hausawa. Shehu da kansa bai ɗaure kansa da al'ada ba: 'yarsa Nana Asma'u 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta Hassan, amma bai sa mata Hassana ko Usaina ba.

Yanzu sai maganar ma'ana. Kada ka dogara da abin da waya ta nuna maka, don shafukan sunaye kowane suna "kyakkyawa" ne ko "hasken aljanna" a wurinsu. Ka je wurin malamin da ya san lugga, ka roƙe shi ya rubuta maka sunan da haruffan Larabci, domin boko yana haɗiye bambanci. Asiya matar Fir'auna, mai imani, da alif da sinun ake rubuta ta. Akwai wata Asiya da ainun da sadi, ma'anarta mai saɓo, kuma ita ce Annabi (SAW) ya canza wa wata mata ya mai da ita Jamila. Amal da alif fata ne ko buri, da ainun kuwa aiki. A boko duk kamanninsu ɗaya.

Ka shirya jin abin mamaki game da tsofaffin sunayen ma. A lugga, Khadija na nufin wadda aka haifa kafin lokacinta, bakwaini ke nan. Bakar da ke cikin Abubakar saurayin raƙumi ne. Usman ɗan tuje ne. Faɗimatu daga kalmar yaye ta fito. Ba wanda ya taɓa fasa sa waɗannan sunaye saboda haka, domin masu sunan muke bi, ba ƙamus ba. Shi ya sa tambaya biyu nake so ka yi wa kowane suna: me yake nufi, kuma wa ya taɓa amsa shi? In ya ci ɗaya daga ciki da kyau, ya isa. Afnan, alal misali, rassan itace ne, kalmar tana cikin Suratur Rahman inda ake siffanta lambunan aljanna, ba laifi. Yasmin fure ne, asalin kalmar daga Farisa. Amma "ai yana cikin Alƙur'ani" ba hujja ba ce ita kaɗai. Fir'auna da Hamana da Ƙaruna ma suna ciki. A ɗaya gefen kuma, Maryam ce kaɗai macen da aka ambaci sunanta a Alƙur'ani, Hauwa'u da Bilkisu daga hadisi da tafsiri muka same su. Ga mai neman inda ba gardama, hadisi ya tabbata cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwa a wurin Allah. Sai dai in za ka sa Abdul, ka cika shi. Abdul kawai "bawan" ne, an bar maganar a rataye.

In ka rage sunayen zuwa biyu ko uku, ka kai su bakin tsohuwar nan ta furta. Bakin Bahaushe ba ya barin suna yadda ya same shi. Shi ya mai da Khadija Hadiza, Rukayya Rakiya, Isma'il Sama'ila. Abin da ta faɗa, shi unguwa za ta faɗa. Sannan ka tsaya a zaure ka ƙwala kiran sunan kamar yaron ya yi nisa. Ka kuma gwada shi da Malam ko Hajiya a gaba, don jaririn nan wata rana zai yi furfura. Ka leƙa makarantar allo ko Islamiyyar unguwarku ka ji sunayen da ke tashe. Na taɓa riƙe aji mai A'isha biyar, dole muka koma A'isha Babba, A'isha Ƙarama, sauran kuma da sunan ubanninsu. Yanzu haka ake yi da Amal.

Ku gama shawara da maijego kafin a yi huɗuba, ba ranar suna da asuba ba, lokacin da rago ke ɗaure, liman na zaune, an fara raba goro. Uba ke raɗawa, amma wadda ta ɗauki cikin wata tara tana da bakin magana, kuma rigimar takwara tsakanin dangin miji da na mata ta fi sauƙin kashewa tun ciki bai tsufa ba. Mu a gidanmu karɓa-karɓa muke yi.

Na ƙarshe, rubutu. Ka zaɓi yadda za a rubuta sunan da boko, ka sa shi a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma kada harafi ɗaya ya canza daga nan har takardun makaranta da katin ɗan ƙasa da banki. Muhammad, Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne a masallaci, amma mutum uku ne a kwamfuta. Ɗana na biyu ya yi wata huɗu yana zarya tsakanin wani ofis da kotu saboda harafi guda. In kuna da dangi a Maraɗi ko Damagaram, ku tuna can da rubutun Faransanci ake yi, Usman ya zama Ousmane, Yusuf ya zama Issoufou, A'ishatu Aïchatou.

Ɗan wan nawa ya cika shafi shida. A ciki ya gano cewa Hajiyar da bai san sunanta ba Hauwa'u ce, kuma tun rasuwarta ba a mayar da sunan ba. Matarsa ta sauka ranar wata Laraba cikin watan Agusta, ana tsuga ruwa, aka sami mace. Aka raɗa mata Hauwa'u. Uwarta, da ta so Afnan tun farko, tana kiranta Jidda. Uban yana ce mata Ummi. Tsohuwar da ya kai wa goro kuwa ta ce ita ba ruwanta da duk wannan, Marka ce, kuma da alama nata ne zai bi yarinyar, don har yaran maƙwabta sun ɗauka.